Kunne Ko Hannu: Ta Ina Yaro Kurma Zai Sami Harshe?

Cikin kowane yara goma da aka haifa kurame, fiye da tara iyayensu masu ji ne. A Amurka aka yi wannan ƙidaya, Ross Mitchell da Michael Karchmer ne suka fitar da ita a 2004, amma duk wanda ya san gidan da ke da kurma ya san kusan haka abin yake a ko'ina. Ke nan hukunci mafi nauyi a rayuwar yaron yana hannun mutanen da ba su san kurumta ba sai ranar da ta shigo musu gida, ga shi kuma ba a ba su lokacin dogon tunani. Likita ya ce akwai na'urar da za a dasa masa cikin kunne, ya ji, ya yi magana, amma fa a hanzarta. Manyan kurame kuma su ce yaron nan yana da harshen da zai fara ɗauka tun yau ba sai an kai shi ɗakin tiyata ba, wato maganar hannu. Fiye da shekara talatin ke nan ana wannan muhawara a Amurka da Turai da Ostareliya, kuma kowane ɓangare na riƙe da hujjar da ba ta turuwa da sauƙi.

Sai an san yadda na'urar take kafin a fahimci rigimar. Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwan nan uku, akwai wani ƙashi a nannaɗe mai siffar katantanwa. Cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu siraran gashi, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. Yawancin kurumta mai tsanani daga lalacewarsu take, kuma idan sun mutu ba sa sake fitowa. Na'urar ƙara ji da aka saba gani maƙale a kunne ƙarfin sauti kawai take ƙarawa, don haka ba abin da za ta tsinana wa wanda waɗannan ƙwayoyi suka ƙare masa. Na'urar dashe kuwa tsallake su take yi. Likita yakan yanka bayan kunne, ya binne wani ɗan faifai ƙarƙashin fata, ya zura siririyar waya cikin katantanwar. Daga waje yaro yana sanye da makirfo da 'yar kwamfutar da ke tace sauti, sai wani faifan da maganaɗisu ke manna shi a kai daidai saitin na ciki. Sauti ya shiga, ya zama ɗigon lantarki, ya taɓa jijiyar kai tsaye.

A Faris André Djourno da Charles Eyriès suka gwada taɓa jijiyar ji da lantarki a 1957. William House ya yi dashensa na farko a Los Angeles a 1961. Irin wadda ake amfani da ita yau, mai bakunan lantarki da yawa, ta fito ne daga Biyana wajen Ingeborg da Erwin Hochmair a 1977, da kuma Melbourne wajen Graeme Clark a 1978. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a dasa wa yara 'yan shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa fiye da 700,000 a faɗin duniya.

Hujjar farko ta masu goyon bayan dashe ita ce abin da ido ya gani. Kafin zuwan na'urar, yaron da aka haifa ba ya ji ko kaɗan da wuya ya yi maganar da baƙo zai gane, ko da an shekara goma ana horar da shi. Yau akwai dubban irin waɗannan yara da ke zama aji ɗaya da masu ji, suna amsa waya, suna gardama da ƙannensu da baki. A 2010 John Niparko da abokan aikinsa suka buga sakamakon bin diddigin yara 188 da aka yi wa dashe a cibiyoyi shida na Amurka, suka kwatanta su da yara 97 masu ji, tsawon shekara uku. Waɗanda aka dasa wa kafin su cika wata 18 sun riƙa ƙaruwa a harshe da saurin da ya yi kusa da na masu ji. Waɗanda aka jinkirta wa, tazararsu ta fi faɗi.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Sashen da aka tanada domin ji ba ya zaman jiran tsammani. Idan sauti bai zo ba, a hankali gani da taɓi sukan karɓe wani ɓangare na wurin. Anu Sharma ta auna saurin da ƙwaƙwalwar yara ke amsa sauti bayan dashe, ta ga waɗanda aka yi wa kafin shekara uku da rabi amsarsu na daidaita da ta masu ji cikin 'yan watanni, waɗanda suka wuce shekara bakwai kuwa akasarinsu ba ta daidaita. Wannan ya rushe wata magana mai daɗin ji da wasu ke yi, cewa a bar yaro ya girma ya zaɓa da kansa. Lokacin da zai isa zaɓe, ƙofar ta kusa rufewa. Iyayen da suka jira sun riga sun zaɓa masa, ko sun sani ko ba su sani ba. A wannan gaɓa ni dai ban ga amsar da ta gamsar da ni daga ɗaya ɓangaren ba.

Akwai kuma hujjar da ba ta buƙatar bincike. Uwa tana so ta yi wa ɗanta faɗa da harshen da aka yi mata faɗa da shi, ta yi masa tatsuniya, ta ji ya biya karatu. Kasuwa da asibiti da tashar mota duk na masu ji ne. Wanda ya zargi irin wannan uwa da son kai bai yi mata adalci ba.

Sai dai hotunan bidiyon da ke yawo a intanet, inda ake kunna na'ura jariri ya washe baki, sun ɓoye fiye da abin da suka nuna. Ana kunna ta ne makonni kaɗan bayan tiyata, idan wurin ya warke. Ƙwararren ji yana zaune gaban kwamfuta yana ɗaga ƙarfin kowane bakin lantarki kaɗan-kaɗan, idonsa na kan fuskar yaron: ya ƙifta ido ne, ya tsaya da wasa, ko ya juyo? Yara da yawa kuka suke fashewa da shi, wasu su fizge faifan su yar, wasu ko gezau. Abin da ya shiga kansu a ranar hayaniya ce marar ma'ana. Manyan da suka taɓa ji kafin su kurumce sukan ce da farko muryoyi kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba suke fitowa. Daga nan ne aikin ke farawa: komawa asibiti a kai a kai don daidaita na'ura, zama da mai koyar da magana, da uwa da za ta wuni tana ambaton sunan duk abin da ta taɓa, ga ruwa, ga kofi, ruwa ya zube, kawo kofi, shekara da shekaru. Binciken Niparko da kansa ya nuna cewa yawan hulɗar iyaye da yaro da kuma ƙarfin arzikin gida suna cikin abubuwan da ke tafiya tare da kyakkyawan sakamako.

Su kuwa kurame, tarihi ne ya sa suka karɓi na'urar da zargi. A 1880 malaman kurame suka yi taro a Milan ta Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa koyar da magana da baki ya fi maganar hannu. Abin da ya biyo baya shi ne korar maganar hannu daga makarantu da dama na Turai da Amurka, da raba malamai kurame da aikinsu, da dukan hannun yaran da aka kama suna alama. Bayan kusan shekara ɗari ana wannan tsari, Reuben Conrad ya auna ɗalibai kurame masu barin makaranta a Ingila, ya buga a 1979 cewa matsakaicin karatunsu na ɗan shekara tara ne. Sai a 2010, a Vancouver, taron da ya gaji na Milan ya fito fili ya yi nadamar wancan hukunci. Mutanen da aka yi wa haka da sunan taimako, in aka sake zuwa musu da wani taimakon da sharaɗinsa shi ne su ajiye hannu, dole su yi tambaya.

Kimiyya ma ta tsaya musu. A 1960 William Stokoe na kwalejin Gallaudet ya nuna cewa maganar hannun kuramen Amurka harshe ce cikakkiya mai nahawunta, ba kwaikwayon Turanci da yatsu ba. A 1991 Laura-Ann Petitto da Paula Marentette suka nuna cewa jarirai kurame da ke tashi cikin maganar hannu suna gwaranci da hannuwansu a daidai lokacin da masu ji ke gwaranci da baki. Ashe ƙwaƙwalwar jariri harshe take nema, ba ta damu da ta kunne zai shigo ko ta ido ba. Ƙungiyar kurame ta ƙasar Amurka ta yi tir da dasa wa yara na'ura a 1991, amma a 2000 ta sassauta, ta amince cewa iyaye na da haƙƙin zaɓa, tare da neman kada a raba yaro da maganar hannu.

Hujjarsu da ta fi ƙarfi a wajena ba ta tarihi ba ce, ta iyakar na'urar ce. Kunne lafiyayye na da ƙwayoyin gashi na ciki kimanin 3,500 masu aika saƙo. Na'urar dashe tana maye gurbinsu da bakunan lantarki 12 zuwa 22. Abin mamaki ne ƙwaƙwalwa ta iya fitar da magana daga wannan ɗan abin, amma tana fitarwa ne da wahala. A ɗaki shiru, mutum ɗaya na magana, yaro zai bi. A aji mai ɗalibai da yawa, ko a tsakar gida lokacin cin abinci, kowa na magana ana dariya, sai ya zama yana kallon bakuna yana murmushi alhali bai san me ake wa dariya ba. Na'urar ba ta isar da hawa da saukar murya sosai, abin da aka gani a fili wajen yaran Sin masu koyon harsunan karin sauti. Hausa ma haka take, kukan yaro da kukar miya karin sauti ne ya raba su. Sannan da zarar an cire faifan, lokacin barci ko batir ya mutu ko waya ta tsinke, yaron ya koma kurma tsaf kamar ranar da aka haife shi.

Uwa-uba, sakamakon ba ɗaya ba ne. Yara biyu, likita ɗaya, na'ura iri ɗaya, shekaru ɗaya, ɗaya ya zama sarkin surutu, ɗayan ya kai shekara biyar da 'yan kalmomi. Wani jijiyar jinsa ce siririya, wani yana da wata larurar da ba a gano ba, wani kuma ba wanda zai iya cewa ga dalili. Babu likitan da zai faɗa wa iyaye tun ranar tiyata a wane rukuni ɗansu zai faɗa. To idan an hana shi maganar hannu don kada ta raba masa hankali, sai a shekara biyar ko shida aka gane maganar baki ba ta zauna ba, me ya rage masa? Rachel Mayberry ta shafe shekaru tana nazarin kuramen da ba su sami wani harshe ba sai da suka girma, ta nuna cewa ko sun yi shekara ashirin suna maganar hannu daga baya, nahawunta ba ya zauna musu kamar wanda ya tashi da ita. Wanda kuwa ya sami harshe ɗaya da wuri, kowane iri ne, na biyu yana zo masa da sauƙi. Rashin harshe a shekarun farko ba jinkirin magana kaɗai yake jawowa ba, yana taɓa karatu da lissafi da iya fahimtar abin da ke zuciyar wani.

Ke nan agogo biyu ne ke tafiya a lokaci guda. Likitoci na kallon na ji, kurame na kallon na harshe, kuma dukkansu gaskiya suka gani. Saboda haka muhawarar ta tashi daga a dasa ko kada a dasa, ta koma kan tambaya ɗaya: yaron da aka dasa wa, a koya masa maganar hannu tare da ta baki, ko a hana?

Masu cewa a hana suna da bincike a hannu. A 2017 Ann Geers da abokan aikinta suka buga a mujallar Pediatrics nazarin yara 97 masu dashe, inda suka ga waɗanda iyayensu ba su yi amfani da alamun hannu ba sun fi sauran fitar da magana da kyau, sun kuma fi su a harshe da karatu a ƙarshen firamare. Wannan sakamako ba abin yarwa ba ne. Amma masu suka, irin su Matthew Hall da Wyatte Hall da Naomi Caselli, sun nuna ramin da ke cikinsa. Iyayen yaran duk masu ji ne, kuma an haɗa wanda ke jefa alama ɗaya-biyu cikin Turanci da wanda ke cikakkiyar maganar hannu a kwando ɗaya. Ga kuma tambayar wanne ya haifi wanne: iyayen da suka ga ɗansu ya kama magana sukan daina alama da kansu, waɗanda suka ga yana fama su ne ke ci gaba. In haka ne, rauni ne ya jawo alama, ba alama ce ta jawo rauni ba.

Masu cewa a haɗa su ma da nasu. Kathryn Davidson da Diane Lillo-Martin da Deborah Chen Pichler sun nazarci yara masu dashe da iyayensu kurame ne, waɗanda suka sami cikakkiyar maganar hannu tun haihuwa, suka buga a 2014 cewa Turancinsu na baki ya yi daidai da na tsararrakinsu masu ji. Sai dai yara biyar ne kacal, kuma gidansu ba irin gidan yara tara cikin goman nan ba ne. Shi ya sa lokacin da Elizabeth Fitzpatrick da abokan aikinta suka tattara binciken da ake da shi a 2016, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ko ta wane ɓangare ba. Bayan nan an sami ƙari. Caselli da Jennie Pyers da Amy Lieberman sun nuna a 2021 cewa yara kurame na iyaye masu ji, idan aka fara musu maganar hannu kafin wata shida, yawan kalmominsu na hannu na tafiya daidai da shekarunsu.

Tun da ma'auni bai gama rinjaya ba, ni ina duba abin da za a rasa idan an yi kuskure. Idan masu haɗawa ne suka yi kuskure, yaro zai tashi da harsuna biyu, wataƙila lafazinsa ya ɗan gaza. Idan masu hanawa ne suka yi kuskure a kan wani yaro, zai iya tashi ba shi da harshe ko ɗaya cikakke, kuma wannan ba ya gyaruwa. Asarar biyu ba girmansu ɗaya ba. Don haka ina tare da dashe da wuri ga wanda ya dace da shi kuma iyayensa za su iya riƙe shi, ina kuma adawa da likita ko malamin da zai ce wa uwa ta ɗaure hannunta. Na san nauyin da wannan ke ɗora wa iyaye. Koyon sabon harshe da girma, ga jego, ga zaryar asibiti, ga neman abinci, ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya ce su yi ya wajaba ya kawo musu malami, wanda ya fi dacewa kuwa shi ne babban kurma da ya tashi da harshen.

A ƙasar Hausa lissafin ya sake sauyawa. Kurumtar yaranmu da yawa ba ta haihuwa ba ce, sanƙarau ne da ƙyanda da hangum da shawarar jarirai da ciwon kunnen da aka bari ya daɗe. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, akasari a arewa. Yaron da ya riga ya iya magana kafin sanƙarau ya ɗauke masa ji yana cikin waɗanda dashe ya fi yi wa amfani, amma shi ne kuma ya fi buƙatar gaggawa, domin bayan cutar katantanwar kunne kan soma cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan watanni, har wayar ta kasa shiga. Kuɗin na'ura da tiyata kuwa dubban daloli ne, kuma bayan su akwai batir da kayan gyara da ƙwararren da zai riƙa daidaitawa har ƙarshen rayuwa. Gidan da ya sayar da gona aka yi dashe, sannan abin waje ya lalace bayan shekara biyu ba halin sauyawa, in an hana ɗansu maganar hannu an yi masa asara biyu.

Mu kuma ba daga sifiri za mu fara ba. Kuramen Kano da kewaye suna da maganar hannunsu tun kafin zuwan boko, wadda Constanze Schmaling ta nazarta ta buga littafi a kanta a 2000, ta kuma lura da yadda masu ji da yawa a kasuwa da unguwa ke iya taɓa ta ba tare da jin kunya ba. Makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a 1977, sun fi amfani da alamun da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster, baƙar fata kurma, ya shigo da su Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Wacce za a ba jariri, ta gida ko ta makaranta, wata muhawarar ce da kuramen kansu suka fi kowa cancantar jagoranta.

Abin da ke cinye yaranmu kafin a kai ga duk wannan shi ne rashin ganewa da wuri. Yaro ya shekara biyu bai ce komai ba, uwa ta damu, kaka ta ce mata, "Ke dai ƙyale shi, nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya shekara uku." Kafin a je asibiti agogon ji da na harshe duk sun yi nisa. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a gwada jin jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Gwajin farko na 'yan mintuna ne, da ɗan abin da ake sa wa a kunne, ba zafi. A Legas, Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ma'aikatan lafiya na matakin farko za su iya yin sa a wurin da mata ke kawo jarirai rigakafin tarin fuka, har da waɗanda aka haifa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga abubuwan da za a iya karewa ne. Jihohin arewa suna da ɗakunan rigakafin da ma'aikatan, abin da ya rage shi ne na'urar gwajin, da horo, da wurin da za a tura uwa ranar da aka gaya mata ɗanta ba ya ji.